Nonon Da Ya Kwana

Wata baiwar Allah ta tambaye ni a ƙasan rubutun da ya wuce, wai Naja'atu ke wace irin uwa ce da za a ɗauke miki yaro kina tsaye ki kasa cewa uffan? 'Yar uwa, ban ji haushinki ba, da gani ba a wajenmu kika tashi ba. A gidanmu a Anka, ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai wani ya ɗaga shi. Sufyanu shi ne ɗana na fari, kuma har zuwa ranar da zan ba ku labarinta yau, bakina bai taɓa furta sunan nan a gaban wani babba ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "wancan". Sai mun shiga ɗaki na saki labule nake rungume abina in yi ta shinshinar wuyansa.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, mijina Surajo ya rasu yaron ko zama bai fara ba. Na gama takaba na dawo gaban iyayena. A daminar 2008 Mas'udu, mai shagon hatsi da taki a kasuwar Anka, ya fito neman aurena, kuma yana son a ɗaura kafin azumi. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, kuma ina son sa. Matsalar ɗaya ce, yaron bai kai shekara ɗaya da rabi ba, ba shi da wani abinci sai nono. Kunu ma sai an danne shi ana dambe yake haɗiyar cokali biyu.

Ranar da Inna ta yanke magana ina tsakar gida ina wanke masa wanduna.

"Wa kinka taɓa gani anka kai ta ɗakin miji da ɗan wani maƙale ga ƙirji? Yayyen Mas'udu sun yi magana, kuma sun fi ki gaskiya. Juma'a za a kai shi wurin kakarshi a yaye shi."

"Inna, bai isa yaye ba. Ga damina kuma."

"Ji min ɗiya. Bisa ɗan fari kike jayayya da ni? Ina kunyarki ta tahi?"

Na sunkuya na ci gaba da cuɗa wandon da ya riga ya fita.

Juma'a da hantsi aka wanke rubutun yaye aka ɗura masa. Faruku, ƙanen marigayi, ya zo a kan babur tare da matarsa Saudatu, wadda ƙawata ce tun muna gida ɗaya a ƙauyensu, can bayan Nasarawar Burkullu. Ita ta goya shi. Shi a tunaninsa yawo za a kai shi, sai dariya yake yana ɗaga hannu. Ni kuwa ina bakin madafi ina tankaɗen garin da na riga na tankaɗe, ban yarda na ɗago ba don kada a ga idona. Da suka tafi na tsinci takalminsa ƙafa ɗaya a zaure, irin mai kukan nan in yaro ya taka. Na soke shi a ƙugun zanena na shige ɗaki.

Wadda ba ta taɓa yaye ba ba za ta gane abin da zan faɗa ba. Kafin Asabar ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar an cusa min duwatsu, ko hannu ba na iya ɗagawa. Inna ta shafa min jiƙon kanwa, ta ɗaure ni tamau da tsohon zane, ta ce kada in kuskura in matse, da kansa zai ƙafe. In na ji kukan yaron maƙwabta sai in ji zirr, rigata ta jiƙe. Ana cikin haka aka kawo lefe, mata suna ta guɗa suna ɗaga leshi da atamfofi, ni ina gefe ina murmushin dole ga zazzaɓi yana cina. Da yamma 'yar Nokiyata mai tocila ta yi ƙara, saƙon Mas'udu ne.

"Slm amarya. Kayan sun yi miki? Ya kewar abokina?"

Abokinsa yake ce wa yaron. Na daɗe ina kallon saƙon kafin na rubuta masa, "Sun yi kyau, na gode. Lfy lau." Ƙarya nake, amma me zan ce?

Talata da safe tela ya aiko da ɗinki na farko, wata shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, riga da zane da ɗankwali, an yi wa wuyan aiki da farin zare. Inna ta ce in gwada ta gani. Ina tsaye gaban madubi ina fama da zif saboda ƙirjin ya hana rigar rufuwa, sai aka yi min fulashin da lambar Faruku. Kafin in kira saƙo ya shigo. Har yau zan iya karanto muku shi da ka.

"Naja nice Saudatu. Kizo. Yaro ba lfy tun asabar zawo da amai baya cin komai. Goggo tace hakora ne kar a gaya miki. Madigarsa ta fada. Karki ce nina fada."

Goggo ita ce Dija, mahaifiyar marigayi, kakar yaron. Na fito tsakar gida da wayar a hannu, na ce wa Inna na ji an ce yaron nan ba shi da lafiya. Ko juyowa ba ta yi ba daga gyaran wake.

"Wane yaro ne ba ya zawon yaye? Ke ma kin yi. Kina zuwa ya gan ki, aikin ya lalace. Ki zauna inda kike."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na tashi, na sake zama. Maɗigarsa ta faɗa. Na tuna ranar awo a asibitin garinmu, wata ma'aikaciya ta taɓa ce mana in tsakiyar kan yaro ta lotsa yana zawo, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma ba a kwana da shi a haka. Na zura hijabi a kan sabuwar atamfar, na ce wa Inna zan mayar wa tela ya buɗa rigar. A bayan masallacin unguwa na tsaya na kira Mas'udu, na faɗa masa halin da yaron yake ciki.

Ku da kuka san garinmu kun san abin da ake nufi da a ga bazawara a bayan babur ɗin manemin aurenta tun ba a ɗaura ba. Shi ma ya sani. Da ya iso ya dube ni, ya dubi masu wucewa, ya ce, "Hau."

Hanyar nan ba zan manta da ita ba. Taɓo, ramuka, gero ya yi tsawo dama da hagu har ba ka hango komai. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar an soka min wuƙa a ƙirji. A Nasarawa ya tsaya a wani kemis ya sayo garin gishiri da sukari na leda, wanda ake haɗa wa masu zawo, ya miƙo min. Da muka zo rafin da ke gaban ƙauyen muka sauka, ya tura babur, ruwa har gwiwa.

"Rafin nan ba shi da alƙawari," in ji shi. "In aka yi ruwa a gabas cika yake, sai a kwana biyu ba a ƙetare ba. Mu yi abin da ya kawo mu da wuri."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. "Mas'udu, kai ka ce a yaye shi?"

Sai da muka fita daga ruwan ya amsa. "Ni cewa na yi ina son a ɗaura kafin azumi. Su Yaya ne suka ƙarasa sauran."

"Amma ba ka hana ba."

"Ban hana ba, Naja'atu."

A zaure ya tsaya, tunda ba gidan da zai shiga ba ne. Saudatu ta tare ni a tsakar gida, ta karɓi wayata ta rataye a wani ƙusa jikin rumbu, don duk gidan nan ne kaɗai sabis yake kamawa. Ta ce min a hankali, "Ki daure."

Wari na fara ji kafin idona ya saba da duhun ɗakin. Goggo tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, ga wani abu kwance a cinyarta an rufa masa ɗankwali. Wallahi da farko ban gane shi ba. Yaron da aka ɗauka ranar Juma'a da kumatu, yau idanunsa sun zurma, leɓensa ya bushe ya tsage, an aske tsakiyar kansa an shafe da wani baƙin haɗi, ga sabuwar laya a wuya. Yana buɗe baki kamar mai kuka amma ba sauti, ba hawaye. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda aka koya min, ina gaisuwa idona yana kan cikinsa, ina duba ko yana ɗagawa.

Kada ku zagi Goggo. Matar nan ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, idonta ya yi jawur, kuma yaron nan shi kaɗai ne abin da Surajo ya bar mata.

"Wa ya kira ki?" ta ce, amma ba da faɗa ba. "Haƙora ne ka wahal da shi. Mun kai shi an ɗaga mishi maɗiga, mun yi hayaƙi. Ruwa ma na hana a ba shi, don duk abin da ya sha ta ƙasa yake fita."

Da na ji an hana shi ruwa ban tsaya jin sauran ba. Na roƙi Saudatu ta kawo tafasasshen ruwa da kwano, na haɗa garin nan, na ce Goggo ta yi haƙuri a gwada. Ta miƙo min shi. Ba nauyi, kamar na ɗauki ƙunshin tsumma. Na kai cokali bakinsa ya datse haƙora, na ɗura ya dawo ta gefen baki. Na sake, ya kau da kai. Sai na ga yana juya fuska a hankali yana goga hanci a hijabina, daidai inda ya sani. Ya ji ƙamshin. Nan take nonon ya kawo, ya ratsa zanen da aka ɗaure ni da shi, ya ratsa rigar, har ya fito a hijabi.

Na sa hannu zan ɗaga hijabin, Goggo ta cafke wuyan hannuna. Ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba.

"Kul. Kina son ki kashe min shi? Nonon da ya kwana huɗu ya ruɓe, dahi ne. Haka ɗiyar Larai ta tahi, anka maida ta ga nono da hantsi, kahin la'asar an rufe ta."

Ku fahimce ni, ba wai ita ta yarda da wannan magana ni ban yarda ba. Da ita na tashi. A wajenmu ko unguwa mace ta je ta wuni ba yaro, sai ta matse na farko ta zubar kafin ta ba shi. Innata ta faɗa min, kakata ta faɗa min. Ga yaro yana mutuwa da ƙishi a hannuna, ga abin da yake nema a jikina har yana zuba, kuma duk wanda na sani a duniya ya ce min abin nan guba ne. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya, na rasa wanda zan bi.

Matan gidan sun taru a bakin ƙofa. Goggo ta ce tunda ina da taurin kai a gwada a gabana, in gani da idona. Aka kawo ludayi na juya baya na tatsa. Ya fito da kauri, rawaya-rawaya, ba kamar yadda na saba ganinsa ba. Wata ta kamo tururuwa a gindin bango ta jefa a ciki. In ta fita da rai nono lafiya lau, in ta mutu ya lalace, haka ake yi tun kakanni. Muka zuba ido. Ta yi ta wutsil-wutsil tana neman gefe, ni kuwa ina ta roƙon Allah a zuciyata kamar wata 'yar uwata ce ta faɗa rijiya. Ta juya, ta sake juyawa, sai ta tsaya cak.

"Kin gani," in ji Goggo, hawaye yana bin fuskarta. "Kin gani da idonki."

Saudatu ta sunkuyo kamar za ta ɗauki kwano, ta ce min ƙasa-ƙasa, "Ko a kunu aka jefa ta mutuwa za ta yi."

Ban ma tsaya auna maganarta ba, don a lokacin kan yaron ya langaɓe baya, baƙin idonsa ya shige sama. Na ce a raina, in tafiya zai yi, ba zai tafi da ƙishi ina riƙe da abin shansa ba. Na fizge hannuna, na yaye hijabin, na kwance ɗaurin nan a gaban surukata da matan gida, ni da ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba. Na sa masa a baki. Bai kama ba. Na matsa ya ɗiga a leɓensa, bai motsa ba. Na girgiza shi.

"Sufyanu," na ce. "Sufyanu, ni ce. Buɗe ido ka gan ni, Sufyanu, ɗana."

Wata a bakin ƙofa ta ce, "La'ilaha, ta kira sunanshi." Ban damu ba, na ci gaba da kira, da ƙarfi, duk sunan da na haɗiye tun ranar suna na amayar da shi a ɗakin nan. Sai na ga fatar idonsa ta motsa. Harshensa ya lashi abin da ya ɗiga. Ya kama, a raunane, ya saki, ya sake kamawa, na ji ya ja.

Goggo ta tashi ta fita, ta zauna a dokin ƙofa da carbinta. "Allah shi ne shaida na hana," ta ce.

Abin da ya biyo baya ya fi komai tsawo a rayuwata. Duk haɗiyar da ya yi sai in ce shi ke nan, na ba shi ajalinsa da hannuna. Can ya yi amai a jikina, na ƙwalla ƙara, matan suka fara salati, na ce ga maganar Goggo ta tabbata. Amma yana gama aman ya sake lalubo nonon da kansa. Da ya ɗan samu ƙarfi na riƙa zare shi ina ba shi cokali ɗaya na ruwan gishirin, in mayar da shi, in sake zarewa. Yanzu yana karɓa, tunda ya san ba raba shi za a yi da abinsa ba. Aka kira azahar ina zaune. Ƙafata ta mutu ban motsa ba. La'asar kawai nake jin tsoro, saboda maganar 'yar Larai ta zauna min a kunne.

Ladan yana fara kiran la'asar na ji wani ɗumi yana bin cinyata. Na ɗaga shi da sauri ina zaton zawon ne ya dawo. Fitsari ne. Ɗan kaɗan, ja, amma fitsari, bayan Saudatu ta ce rabonsa da yi tun jiya da safe. Ya buɗe baki ya yi kuka mai sauti don na zare masa nono, har da ɗan hawaye a gefen ido.

Saudatu tana dariya tana share fuska ta ce, "To ga atamfar lefe ta sha turare."

Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar ubansa. Goggo ta shigo ta tsuguna, ta taɓa tsakiyar kansa, ta taɓa leɓensa, ta daɗe tana kallonsa yana tsotso. Na ɗauka faɗa za ta yi. Da ta buɗe baki muryarta a sanyaye take, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Allah ya yi da sauran kwananshi. To ki ji, Naja'atu. Tunda kin maida shi, ba mai sake tsige shi sai ya cika shekara biyu, ba da ni ba. Kuma ɗan Surajo ba shi shan nono a ɗakin wani namiji, ba shi kuma hawa babur ya bi rafi a haka. In nono ne, ga ɗakinki nan na da, ki zauna. In aure ne, ki aje min shi ki tahi. Ba ni hana ki ko ɗaya."

Tana rufe baki iska ta taso ta bugi labulen ƙofa, garin ya yi duhu ta gabas. Saudatu ta fita kwashe shanya, sai ga ta da wayata ta ciro daga jikin rumbu. Na ma manta akwai wani mutum zaune a zaure tun hantsi, ko ruwa ban aika masa ba. Saƙo biyu ne. Na farko daga wayar Baba, Inna ce ta sa aka rubuta: "Duk inda kike ki dawo kafin magariba ko ki nemi wata uwar." Na biyu na Mas'udu.

"Hadari ya hadu. In rafi ya cika mun kwana nan kuma kin san abin da za a ce. Ya jikin abokina? Ki fito mu tafi."

Na karanta, na sake karantawa. Na tuna akwatunan da ke jere a ɗakin Inna, na tuna yadda ya ce min "Hau" a gaban mutane bai ji tsoron bakin kowa ba. Ina son mutumin nan, Allah ya sani. Na dubi Sufyanu, barci ya fara ɗaukarsa, hannunsa ɗaya ya damƙe wuyan rigata ya cukuikuye farin zaren da tela ya ɓata lokaci a kai. Da babban yatsa ɗaya na rubuta amsa, na ba Saudatu ta kai jikin rumbu don saƙon ya tafi.

"Na mayar da shi nono. Ba zan iya tashi ba."

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ya tafi, saƙon take nufi. Muka yi ta jira. Wayar ba ta yi ƙara ba. Yayyafi ya fara sauka a kan jinka, sai na ji an buga babur a ƙofar gida, ya ƙi tashi, aka sake bugawa ya kama. Saudatu ta ce in leƙa mana, ko ta ina ya nufa, ko rafi ko cikin gari. Ban tashi ba, ko kai ban ɗaga ba, don kada nonon ya suɓuce daga bakin Sufyanu.